Harajin Tsohon Injin Jirgin Ruwa da Aka Sayo Daga Ƙasar Waje

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ke bakin ruwa, kamar Yawuri da kewayen Kainji, da gaɓar Binuwai, da Tafkin Chadi. Masunta da masu fito da yawa sukan sayo tsohon inji daga Kwatano ko Kamaru, suna zaton abin da aka riga aka mora ba shi da haraji. Wannan zato ya sa waɗansu sun yi hasarar inji da kuɗinsu gaba ɗaya.

1. Wanda haraji ya hau kansa. Duk wanda ya shigo da kaya cikin Nijeriya, shi ne mai biya. Ko injin sabo ne ko tsoho, ko daga kanti aka saye shi ko daga hannun wani masunci, hukuncin ɗaya ne. Abin da mutum ya biya a ƙasar da ya yi ciniki bai ɗauke masa na gida ba.

2. Irin harajin. Na farko shi ne kuɗin fito. Tun 2015 Nijeriya ke bin jadawalin ƙungiyar ECOWAS, wanda ya kasa kaya aji biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 bisa ɗari. Ma'aikatan Kwastan ne ke faɗin ajin da kowane inji ya faɗa. Na biyu shi ne harajin VAT, wanda ya maye gurbin tsohon harajin sayarwa a Janairu 1994. Da fari 5 ne bisa ɗari, amma tun Fabrairu 2020 ya koma 7.5. Dukansu na Gwamnatin Tarayya ne, kuma Kwastan ke karɓa a bakin iyaka ko tashar jiragen ruwa.

3. Yadda ake lissafi. Ba a kan kuɗin saye kaɗai ake yanka haraji ba. Ana haɗa shi da ladan dako da na inshora, sa'an nan a fitar da kuɗin fito. VAT kuwa a kan jimlar duka ake ɗora shi. Ga misali. A ce an sayi inji ₦2,000,000, dako da inshora suka ci ₦200,000. A ce kuma kuɗin fito da sauran ƙananan kuɗaɗen Kwastan sun kama ₦200,000. Jimla ta zama ₦2,400,000, VAT ɗinta kuwa ₦180,000. Ashe mai inji zai tanadi ₦380,000 ban da abin da ya riga ya kashe.

4. Abubuwan da ke ruɗin mutane. Waɗansu kan sa mai sayarwa ya rage kuɗi a rasit. Kwastan na da ikon ƙin wannan rasit, su kimanta injin da kansu, kuma ƙaryar tana jawo tara ko ƙwace kaya. Waɗansu kuma suna cewa kayan Kwatano ba su da fito, tun da Benin tana cikin ECOWAS. Wannan rangwame na kayan da aka ƙera a cikin ƙasashen ƙungiyar ne. Injin Yamaha da aka ƙera a Japan baƙo ne, ko da ya shekara goma a Kwatano.

5. Mai saye a hannu na biyu. Wanda ya sayi inji a kasuwar gida ya nemi takardun Kwastan, ya gwada lambar da ke jikin injin da wadda ke cikin takarda. Idan na fasa-ƙwauri ne, ana iya ƙwace shi a hannun duk wanda aka same shi, ko da ya biya kuɗinsa cif.

6. Aikin Hakimi da malaminsa. Karɓar wannan haraji ba ya cikin aikinsu, kada kuma su yarda wani ya karɓa da sunansu. Abin da ake bukata gare su shi ne su tara dagatai da sarakunan ruwa su karanta musu wannan bayani, su gargaɗi mutane su je ofishin Kwastan su ji abin da za su biya tun kafin su tafi ciniki, su biya ta banki, su kuma adana rasit wuri mai kyau. Rajistar jirgin kansa wani al'amari ne dabam, yana hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, babban ofishinta yana Lokoja.

Ana roƙon malaman Hakimai su ajiye kwafin wannan takarda a ofis, domin duk mai tambaya ya sami amsa.