Amsoshin Tambayoyinku: Ɗakin Ibada a Tsakiyar Lambun Tokyo

Wani mai sauraro daga unguwar Yakite da ke Kilomita Biyar a birnin Bangi ya aiko da tambaya: wai da gaske ne a Japan ana samun wuraren ibada cikin lambunan shaƙatawa, kuma baƙo na iya leƙawa?

Ƙwarai kuwa. A lambun Ueno na Tokyo akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin ibadar mabiya addinin Buda mai suna Kiyomizu Kannon-do, wanda malaminsu Tenkai ya gina a 1631. Ginin katako ne mai jan fenti, amma ya tsallake yaƙin Ueno na 1868 da girgizar ƙasar 1923 da ruwan bama-baman 1945. Daga barandarsa ana hango tafkin Shinobazu ta cikin reshen wata bishiya da aka lanƙwasa kamar zobe.

Matan da suka roƙi haihuwa a ɗakin kan kawo 'yan tsana idan buƙata ta biya, a yi bikin ƙona su duk 25 ga Satumba.

Da rana kowa na iya zuwa, ko mene ne addininsa. Mutanen Kilomita Biyar ma sun ga irin wannan ziyara, domin a Nuwamban 2015 Paparoma Francis ya shiga Babban Masallacinsu.