Darasin Turanci: "Keep On"

Yara, a cikin Turanci akwai waɗansu kalmomi masu tafiya bibbiyu, kamar shanun huɗa. In aka haɗa su, sai ma'anarsu ta sake. Yau za mu koyi ɗaya daga cikinsu, watau "keep on".

"Keep" ita kaɗai, ma'anarta ajiye ko riƙe. "On" kuwa, a kan. Yaron da ya fassara su ɗai ɗai zai ce "ajiye a kan", malam ya ba shi sifiri. Ainihin ma'anarsu a haɗe ita ce a ci gaba da aiki, kome wuyarsa, kada a daina.

Ku lura da doka guda. Kalmar aikin da ta biyo bayan "keep on", lalle ne ta ƙare da "ing". Ku dubi mai haƙar rijiya. Ya wuce gaba biyar bai ga ko danshi ba, ga zafi, ga duhu. Sai mai gona ya leƙo ya ce masa, "Keep on digging", watau ci gaba da haƙa. In kuwa abin ya riga ya wuce, sai a ce "kept on".

Ga misali daga Daura. Marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942, ya nemi shugabancin Nijeriya a zaɓen 2003, ya faɗi. Ya sake tsayawa a 2007, ya faɗi. A 2011 ma haka. Duk da haka bai janye ba, ya tsaya na huɗu a 2015, Allah ya ba shi nasara. Da Turanci sai mu ce, "He kept on trying."

Kishiyar "keep on" ita ce "give up", watau a karaya a bar aiki. Kai yaro, in lissafi ya ƙi fita, kada ka rufe littafi. Share allonka ka sake. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "keep on"?
2. Sau nawa Buhari ya faɗi zaɓe kafin ya ci?
3. Juya wannan zuwa Turanci: Ci gaba da karatu.