Ayyukan da Ke Saura a Uwar Garke Bayan Kwafar Fayil

A shekarar 1995 ne Tatu Ylönen, wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, ya ƙirƙiro tsarin SSH, bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'ar. Daga cikin rassan wannan tsari akwai umurnin scp, mai kwafar fayil daga wata kwamfuta zuwa wata a asirce, yadda mai laɓe a hanya ba zai tsinci kome ba. Sai dai sau da yawa mai kula da uwar garke, wato babbar kwamfutar da jama'a ke ajiya a cikinta, yakan duba jerin ayyukan da ke gudana ya tarar da na scp ko sshd zaune daram, alhali kuwa an gama kwafa tun jiya. Idan suka taru sukan riƙe fayiloli, su ci ƙwaƙwalwa, har su cika adadin ayyukan da aka yarje wa mutum ɗaya, ya zo shiga ya kasa.

Kafin magani sai an san asali. Duk lokacin da aka fara kwafa, shirin sshd da ke gadin ƙofa ta 22 yakan haifi ƙaramin aiki domin wannan baƙo kaɗai, shi kuma ya haifi wanda zai karɓi fayil ɗin. A da sunan wannan jika scp ne, amma tun fitowar OpenSSH 9.0 a 2022 galibi sftp-server ake gani. Kowane aiki yana da lambarsa da lambar uwarsa, kuma umurnin ps -ef kan nuna su duka. Shi kuwa ps aux yakan ƙara da harafin da ke bayyana halin da aikin yake ciki. Wannan harafi shi ne linzamin binciken.

Mafi yawansu harafin S gare su, wato barci suke suna jira. Dalili kuwa shi ne, layi ya yanke ba sallama, ko wuta ta ɗauke wa mai aikowa, uwar garke ba ta da labari. A Linux, sai an yi daƙiƙa 7200, awa biyu cur, kafin ta fara tambayar ko ɗaya ɓangaren yana nan. Maganin yana cikin fayil ɗin sshd_config. Akwai ClientAliveInterval, wanda yake zuwa da sifiri, ma'ana ba ya aiki. Idan aka mai da shi 60, aka bar ClientAliveCountMax a kan 3, to bayan kimanin minti uku na shiru sshd zai rufe layin ya sallami 'ya'yansa. Waɗanda suka riga suka taru kuwa, a kashe su da kill kawai, mai aika sigina ta 15, wadda ke ba aiki damar kintsawa. Sigina ta 9 ba ta ba da wannan dama, saboda haka ba da ita ya kamata a fara ba, ko da yake masu gaggawa sun fi son ta.

Masu harafin Z su ne suka fi rikita ɗalibai. Waɗannan sun riga sun mutu, sunansu kawai ya rage a rajista domin uwarsu ba ta karɓi rahoton ƙarshensu ba. Gawa ba ta kasuwa sau biyu, don haka ko an aika sigina ta 9 sau ɗari ba abin da zai canja. Uwar za a nema. In ta tafi, aiki mai lamba 1 zai ɗauki marayun ya share sunansu. Mai harafin D kuma yana jiran faifai ne, musamman na nesa irin na NFS, kuma ba ya jin kira sai faifan ya amsa.

Akwai kuma wanda ba shi da laifi. Tun 2010 OpenSSH ke da zaɓin ControlPersist, mai barin layi a buɗe da gangan domin kwafa ta gaba ta yi sauri. Idan yana cikin saitin mai aikowa, umurnin ssh -O exit tare da sunan uwar garken ne ke rufe shi.