WA ZAI DAIDAITA SAHUN 'YA'YANMU?

A shekarar 2004 gwamnatin Jihar Kano, a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙaddamar da wani shiri mai suna A Daidaita Sahu, domin gyaran halayen jama'a. An yi ta jan kunne a rediyo da talabijin a kan gaskiya da riƙon amana da girmama na gaba. Amma yau idan muka tambayi yaro ɗan shekara 15 a Gwarzo ko Kabo ko nan Sabon Birni ko ya san A Daidaita Sahu, keke mai ƙafa uku zai nuna mana. Sunan ya tsira a jikin keke, saƙon kuwa sai tsofaffi ke tunawa da shi.

Ba wannan ne karo na farko ba. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta fara Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Mutane suka koyi bin layi, ma'aikacin da ya makara aka sa shi tsallen kwaɗo. Da gwamnatin ta faɗi a watan Agusta na 1985, sai layin ya watse. A 1987 aka kafa MAMSER, a 2000 aka kafa ICPC, a 2003 EFCC ta fara aiki. Bishop-bishop ɗinmu na Katolika su ma ba su yi shiru ba. A 1995 sun ba mu addu'a domin Nijeriya mai fama da wahala, a 1998 kuma suka ba mu addu'ar neman tsari daga cin hanci da rashawa. Duk waɗannan suna da amfaninsu, ba mu raina ko ɗaya ba. To, amma doka tana iya hana mutum sata muddin ana ganinsa. Abin da zai hana shi in babu mai gani, a wurin wani mutum yake koyonsa, tun yana ƙarami.

INDA YARO YAKE KARATU

Mu duba ranar kasuwa. Uba ya ɗura masara a buhu, mai ƙwari a ƙasa, mai kyau a sama, ɗansa kuwa shi ne ya riƙe masa bakin buhun. Mai awo yana da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, yaronsa ne yake miƙo masa wadda ta dace. Lokacin jarrabawa ya zo, iyaye da kansu suke haɗa kuɗin da za a ba wa mai tsaro domin ya kau da kai a saci amsa. Lokacin zaɓe ya zo, uwa ta karɓi sabulu da taliya ta sayar da ƙuri'arta, 'yarta ce ta ɗauko mata kayan zuwa gida.

A duk waɗannan wurare ba wanda ya buɗe baki ya ce wa yaro, "Ka zama macuci." Ba a bukatar a faɗa, domin gani ya kori ji. Ran Lahadi mu kawo shi coci ya ji huɗuba ta rabin sa'a a kan gaskiya, alhali kwana shida yana karatu a wata makaranta dabam wadda mu ne malamanta. In ya girma ya riƙe kuɗin ƙaramar hukuma ya yi musu tiya biyu, sai mu ce ƙasa ta lalace.

DATTIJO ELE'AZARA

Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 6, ya ba mu labarin Ele'azara, malamin Attaura ɗan shekara 90, a zamanin da sarki Antiyokus ya tilasta wa Yahudawa su bar shari'ar Allah. Aka matsa masa ya ci naman da shari'a ta hana. Masu kula da abin tsofaffin sanayyarsa ne, sai suka ja shi gefe suka ba shi mafita: ya kawo nasa nama na halal ya ci, a ɗauka na sarki ya ci, ya tsira da ransa. Ya ƙi. Dalilinsa kuwa matasa ne, domin za su zaci dattijo kamarsa ya juya wa addininsa baya saboda 'yan kwanakin da suka rage masa, su ma su bi sahunsa. Aka kashe shi a kan haka. Darasin da ya bar mana shi ne, babba ba ya aikata kome shi kaɗai, kullum akwai idon yaro a kansa.

MISALI DAGA ƘASARMU

Maƙwabtanmu Musulmi da mu duka mun san sunan Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983. Ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin tarayya a zamanin Janar Gowon, amma ya bar duniya bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne, shi ma wani ne ya riƙe hannunsa. Sa'ad da yake matashin malamin makaranta a Bauchi a shekarun 1940, ya zauna da Malam Sa'adu Zungur, ya ga yadda ake faɗa wa mai iko gaskiya ba tare da tsoro ba. Mutum ɗaya ya tsaya a kan saurayi ɗaya, ga shi har yau talakawa suna cin moriyar wannan zama.

ABIN DA ZA MU YI

Ikilisiya ta riga ta ba mu hanya. Kowane yaro da aka yi wa baftisma yana da uban baftisma ko uwar baftisma, wanda ya ɗauki alkawari a gaban jama'a zai taimaki yaron ya yi zaman Kirista. Da yawa daga cikinmu mun mai da wannan alkawari sayen farar riga da cin shinkafar biki. Bari mu komo gare shi ta hanyoyi huɗu.

Na ɗaya, kowane babba ya nemi yaro ko yarinyar da ya tsaya wa, ko wani maraya na kusa, ya jawo shi jikinsa: gona, kasuwa, shagon ɗinki, wurin gyaran babur. A wurin aiki ake koyon amana.

Na biyu, mu ba shi amana ƙarama, kamar aike da kuɗi ko lissafin baikon matasa, sa'an nan mu zauna da shi mu duba lissafin. In ya cika mu yaba masa a gaban mutane, in ya gaza mu gyara masa a ɓoye.

Na uku, mu bar shi ya ga hasarar da gaskiya take jawo mana. In mun mayar da canjin da aka ba mu bisa kuskure, ko mun biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi, ya zamana yana wurin.

Na huɗu, in mun yi ƙarya ko zamba a gabansa, mu amsa laifinmu a gabansa. Wannan shi ne mafi wuya, shi ne kuma yaro ba ya mantawa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kansila da alƙali da gwamnan gobe yau suna cikinmu, suna riƙe mana bakin buhu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

A taron Zumuntar Mata, da na maza, da na matasa, sai a tattauna waɗannan:

1. Wane ne ya koya mana gaskiya muna yara, kuma me muka ga ya yi?
2. Yara nawa muka tsaya wa a baftisma, yaushe rabonmu da zama da su?
3. Wane abu guda muke yi a gida ko a kasuwa da ba za mu so 'ya'yanmu su gada ba?

Allah ya ba mu ƙarfin zuciya irin na Ele'azara, ya kuma albarkaci 'ya'yanmu. Amin.