Hukuncin Fatsa Don Shaƙatawa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta wa bayinSa daɗaɗan abubuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Hausa su sana'a ce. Basarke ba ya shiga ruwa da koma ko taru sai don abin da zai ci ko ya sayar, yaro ma in ya soka tana a ƙugiya ya jefa fatsa, naman miya yake nema. Amma Musulmin da karatu ko aiki ya kai su Ingila ko Amurka sukan tarar da wani irin su dabam. Abokai ne za su ɗauki hutun mako guda, su yi karo-karo su kama masauki a bakin tafki ko kogi, kamar Tweed ko Spey a ƙasar Sikotland, su wuni tsaye cikin ruwa, da yamma su komo ba kifi ko ɗaya a jaka, alhali kuwa sun kama. To, in aka gayyaci Musulmi irin wannan tafiya, mene ne hukuncinta?

Sai an san abu sannan a san hukuncinsa. Wannan fatsa ba a sa mata tana. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da ke sauka a kan ruwa. Da yake ba ta da nauyi, igiyar ce ake yi mai nauyi, mai su ya riƙa kaɗa ta a iska da siririyar sanda kafin ya sauke ƙwaron ƙaryar inda yake zaton kifi. Dabara ce tsohuwa, domin wani marubucin Rumawa mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya suna yin ta da jan ulu da gashin zakara wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ta iso Afirka ma, har baƙi kan je kogin Faro na arewacin Kamaru su kama giwan ruwa da tsage ta wannan hanya.

Kifin kansa babu magana a kansa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincinsa ga mazauna da matafiya, aya ta 12 a Suratu Faɗir kuma ta ambaci ruwan daɗi da na gishiri duka, saboda haka kogi da tafki sun shiga. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, hadisin Abu Huraira ya nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuwa halal ne. Ƙwaron ƙarya ma ba laifi ba ne. Yaudarar da aka hana ita ce ta mutum ga mutum, ai tana da hatsin tarko su ma yaudara ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne sakin kifin. Da yawa daga masu wannan wasa sukan ja kifi har ya gaji, su fito da shi, su auna, su ɗauki hoto, su zare ƙugiya su mai da shi ruwa, kuma da wannan niyya suka baro gida. Malaman Malikiyya sun kasa farauta kashi biyar gwargwadon niyyar mai yin ta: wajibi ga wanda yunwa za ta halaka shi ko iyalinsa, mustahabbi ga mai son yalwata wa iyali ko yin sadaka, halal ga mai neman abinci ko ciniki, makaruhi ga wanda nishaɗi ne babban nufinsa, haramun ga mai wasa tsantsa ko wanda za ta sa ya tozarta farilla. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 Hijira, ya ambaci karhancin farautar wasa cikin Risala, littafin da kowane ɗalibin zaure ya sani. Shaihu Halil kuwa a Muhtasar ya haramta farautar dabbar da ake ci idan babu niyyar yanka ta.

Wani zai ce ai kifi ba a yanka shi, don haka maganar Halil ba ta hau kansa ba. Gaskiya ne ba a yanka shi, amma dalilin hanin yana nan, watau wahalar da mai rai ba don wani amfani ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa. Da suka hango shi suka watse, shi kuwa ya sanar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai mai da abu mai rai abin gwada bara. Masu cewa kifi ba ya jin zafi su ma hujjarsu ta yi rauni tun 2003, lokacin da masu bincike a cibiyar Roslin ta Sikotland suka gano jijiyoyin jin ciwo a kai da leɓen kifin tirawut. Abin lura, ƙasar Suwizalan ta hana yin fatsa da niyyar saki tun 2008, ba kuwa Muhtasar suka karanta ba.

Sai dai ba kowane saki ne wasa ba. Wanda ya fita don ya ci, sai ƙaramin kifi ya faɗa masa, ko mace mai ƙwai, ko irin da hukuma ta hana ɗauka, sakinsa shi ne daidai. Tun 2016 dokar Sikotland ta tilasta mai da kifin samon ruwa a kogunan da ya yi ƙaranci. Amma wanda ya zaɓi irin wannan kogi da gangan, ya san duk abin da ya kama ba shi da ikon ci, da wuya ya ce ba wasa ya je ba. Abin da ya fi masa shi ne tafkin da aka yarda a ɗauki kifi, ya sayi takardar izni, domin ruwan can galibi yana da masu shi, ya kama abin da za su ci, ya gaggauta kashe shi ba ya bar shi yana shure-shure a kan tudu ba, sannan ya naɗe igiyarsa.

Niyyar nan tana bin mutum har cikin sallarsa, kuma nan ne mutane suka fi gafala. Ƙasaru sunna ce a tafiyar baridi huɗu, watau mil 48, kimanin kilomita 80. Amma Halil ya fitar da mutum biyu daga ciki: wanda tafiyarsa saɓo ce, da wanda tafiyarsa wasa ce, kuma farautar nishaɗi ita ce misalin da masu sharhi suka kawo, suka ce ƙasaru makaruhi ce gare shi. Wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a masauki ɗaya, cika salla zai yi ko da wace niyya ya zo. Kifin yakan fi tasowa da faɗuwar rana, daidai lokacin Magariba wadda lokacinta ke da ƙunci, sai wani ya ce bari ya ƙara jifa ɗaya har duhu ya rufe. Mai yin haka ya karanta aya ta 163 a Suratul A'araf, labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku waɗanda kifi ke taso musu ranar Asabar da aka hana su su.

Karo-karon abinci da masauki halal ne ko da wani ya fi wani ci. Zuba kuɗi don wanda ya kama mafi girma ya kwashe caca ce, zama a teburin da ake shan giya kuma ba ya halatta.

Saura tsarki. Dogon takalmin roba da ake shiga ruwa da shi ba a shafa a kansa a alwala bisa mashahurin mazhaba, domin sharaɗin huffi ya zama na fata ɗinkakke, sai a tuɓe a wanke ƙafa. Ruwan kogin ya isa alwala. Jinin kifi da ya kwarara kuwa najasa ne a wurin Halil, saboda haka wanda ya fede kifi ya duba hannun rigarsa kafin ya kabbarta.