Yadda Ake Noma da Dafa Kabewar Albenga Mai Hawa Rumfa

Manoman Albenga, a yankin Liguriya da ke gaɓar tekun arewa maso yammacin Italiya, suna da wata kabewa da suke kira trombetta. Doguwa ce kamar zunguru, 'ya'yanta sun taru a ɗan kumburin da ke ƙarshe, sauran kuwa tsoka zalla. Dangin kabewarmu ce ta miyan taushe, sai dai su ba sa jira ta nuna, tana ɗanya shar suke yanke ta.

Kafin a taɓa iri, rumfa ake fara kafawa, mai ƙwari, tsayin mita 2, don yaɗonta kan wuce mita 4. Wanda ya ƙyale ta a ƙasa zai samu kabewa, amma a nannaɗe. Wadda ke rataye nauyinta ne ke miƙar da ita.

A can sai sanyi ya wuce ake shuka, wajen Afrilu zuwa Mayu. A cika rami da ruɓaɓɓen taki, a sa ƙwaya 2 ko 3, zurfin santimita 3, tazarar mita 1. In sun tsiro a bar mafi ƙarfi. Ruwa a gindi ake zuba shi, ban da ganye, gudun farar fumfuna.

Wajen fure ne sabon shiga kan karaya. Mazan furanni ke fara fitowa, su bushe su zube ba ɗa ko ɗaya, har mutum ya zaci irin banza aka sayar masa. A yi haƙuri. Macen na tafe, ana gane ta da 'yar mitsitsiyar kabewa a bayan furen. In ƙudan zuma sun yi ƙaranci, da sassafe a tsinko namiji, a cire masa fatun, a goga tsinkensa a cikin macen.

Bayan kamar wata 2, in ta kai santimita 30 kuma farce na shiga ɓawon, a yanke ta da wuƙa. Yawan yanka shi ke sa ta ƙara zuba.

Ba a feraye ta. A yayyanka sirara, a soya da man zaitun da tafarnuwa a wuta mai ƙarfi har gefen ya yi ja, sannan a sa gishiri. Ba ta sakin ruwa ta lalace a kasko, shi ya sa ake sonta a cikin taliya. In babu man zaitun, man gyaɗa ma ya wadatar.

A bar ɗaya ko biyu su ƙosa a rumfa har ɓawon ya yi tauri: su ne na ajiya, su ne na iri. Mai son irinsa ya fito sak, kada ya shuka ta kusa da wata kabewar.