DARASI NA TARA: BIBIYAR MAHAUKACIYAR GUGUWA DA HASASHEN TUMBATSAR TEKU

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a yi bayani a kan yadda masana yanayi suke bin diddigin mahaukaciyar guguwa tun tana tsakiyar teku, da yadda suke hasashen inda za ta sauka, da kuma yawan ruwan da za ta turo kan tudu. Za a ɗauki guguwar Katrina, wadda ta auka wa Amurka a shekarar 2005, a matsayin misali. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya:

(a) bayyana yadda mahaukaciyar guguwa take samuwa;
(b) kawo hanyoyin da ake bi wajen bibiyar ta;
(c) bambance ƙarfin iskar guguwa da girman tumbatsar da take haddasawa.

2.0 Ma'ana da Asali

Guguwar da Bahaushe ya sani ita ce wadda take tasowa a fili da bazara, ta murɗa ƙura da yayi zuwa sama, ta lafa cikin ɗan lokaci. Mahaukaciyar guguwa kuwa a kan teku take tasowa. Faɗinta yakan kai ɗaruruwan kilomitoci, kuma takan yi mako guda ko fiye tana tafiya. Ba ta cancantar wannan suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a.

Tana bukatar ruwan teku mai ɗumin da bai gaza digiri 26 a ma'aunin Salshiyas ba. Tururin da yake tashi daga ruwan yana komawa gajimare, yana sakin zafi, zafin kuma yana ƙara ɗaga iska sama. Wannan ya sa nauyin iska yake raguwa a tsakiya, sai iskar kewaye ta kwararo domin cike gurbin. Juyawar duniya ce take karkata wannan iska har ta riƙa kewaya tsakiyar, wadda ake kira idon guguwa. A arewacin duniya kewayawar saɓanin tafiyar hannun agogo take yi.

Abin lura a nan shi ne, galibin manyan guguwoyin Tekun Atlantika daga Afirka ta Yamma suke samo asali. Da damina, ayarin hadari yakan ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar. Idan ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Cape Verde, ya tarar da ruwa mai ɗumi, yana iya rikiɗa ya zama guguwa. Ke nan, hadarin da ya shayar da gonakin gero a Nijar ko Arewacin Nijeriya yana iya zama wanda zai kwashe rufin gidaje a Amurka bayan mako biyu. Lokacin wannan guguwa a Atlantika yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

3.0 Hanyoyin Bibiya

A watan Satumba na shekarar 1900 guguwa ta auka wa birnin Galveston na jihar Texas, ta hallaka mutum fiye da 6,000. A wancan zamani, ba a samun labarin guguwa sai daga tsibiran da ta ratsa ko jiragen ruwan da suka yi kiciɓis da ita. A yau Cibiyar Lura da Guguwa ta Ƙasar Amurka, wadda take birnin Miami, tana dogara ne da hanyoyi huɗu:

(i) Tauraron ɗan'adam. Tun daga 1960 aka fara ɗaukar hoton gajimare daga sararin samaniya. Wasu taurarin suna nisan kimanin kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyawar duniya, don haka idonsu yana kan yanki guda dare da rana.

(ii) Jiragen sama. Akwai matuƙan da aikinsu shi ne kutsawa cikin guguwar har zuwa idonta. Daga cikin jirgin ake sako wasu ƙananan na'urori masu lema, waɗanda suke auna nauyin iska da gudunta da zafi da laima yayin da suke gangarowa, suna aiko da sakamako kafin su faɗa ruwa.

(iii) Na'urori masu shawagi a kan teku, waɗanda suke auna ɗumin ruwa da tsawon igiyarsa.

(iv) Na'urar rada, wadda take nuna ruwan sama da iskar guguwa idan ta kusato gaɓa.

4.0 Hasashen Inda Za ta Sauka

Guguwa ba ta da ikon zaɓen hanya. Manyan iskokin da suke kewaye da ita ne suke jan ta, tamkar yadda kogi yake tafiya da kara. Saboda haka, wanda yake son sanin inda za ta nufa dole ya san yadda waɗannan iskoki za su kasance nan da kwana biyar. Ana zuba dukkan bayanan da aka tattara a cikin manyan kwamfutoci su yi lissafi. Akan maimaita lissafin sau da dama, ana ɗan sauya alƙaluman farko. Idan hanyoyin da suka fito sun taru wuri guda, hasashen yana da ƙarfi. Idan suka watsu, akwai sauran shakka.

Cibiyar tana fitar da sanarwa duk bayan sa'a shida, tare da taswira mai siffar mazurari: siriri a inda guguwar take, mai faɗi a kwanakin gaba. An zana faɗinsa ne bisa kurakuran hasashen shekaru biyar da suka gabata, ta yadda idon guguwa yakan kasance a cikinsa sau biyu cikin uku. Mutane da dama suna yi wa wannan zane gurguwar fahimta. Mazurarin yana nuna inda ido zai iya bi ne kawai, ɓarnar kuwa takan wuce iyakarsa nesa. Ana yin sanarwar shiri sa'a 48, ta gargaɗi kuma sa'a 36, kafin iska mai ƙarfi ta iso.

Hasashen hanya ya inganta ƙwarai, amma hasashen ƙarfi har yanzu yana ba masana wahala. A watan Oktoba na 2023, guguwar Otis ta haura zuwa mataki mafi tsanani cikin kimanin kwana guda, ta auka wa birnin Acapulco na Meksiko da ƙarfin da ba a zata ba.

5.0 Tumbatsar Teku

Ana auna ƙarfin guguwa da ma'aunin Saffir-Simpson mai mataki biyar: mataki na 1 yana farawa daga kilomita 119 a sa'a, na 3 daga 178, na 5 kuma daga 252. Sai dai wannan ma'auni iska kaɗai yake aunawa, alhali kuwa ruwa ya fi iska kisa. Tumbatsar teku ita ce hauhawar da ruwan teku yake yi fiye da yadda ya saba, sakamakon turo shi da guguwa take yi zuwa gaɓa. A Nuwamban 1970 irin wannan tumbatsa ta taimaka wajen hallaka mutum aƙalla 300,000 a ƙasar da ake kira Bangladesh a yau.

Abubuwan da suke ƙayyade girmanta sun haɗa da:

(i) Ƙarfin iska da faɗin guguwa. Guguwa mai faɗi takan daɗe tana tura ruwa a kan fili mai yawa.
(ii) Zurfin gaɓa. Inda teku ba shi da zurfi, ruwan da aka turo ba ya samun wurin nitsewa, sai ya hau tudu.
(iii) Ɓangaren guguwa. A arewacin duniya, hannun dama na hanyarta ne iska take busowa daga teku zuwa tudu, don haka can ne tumbatsa ta fi tsanani.
(iv) Lokacin isowa. Idan ta zo daidai da cikar teku, ruwan yakan ƙara hawa.
(v) Raguwar nauyin iska. Wannan yana ɗaga ruwa da kimanin santimita 1 a kan kowane miliba 1 da ya ragu, wato kasonsa kaɗan ne.

Saboda muhimmancin wannan al'amari, daga 2017 cibiyar ta fara fitar da gargaɗin tumbatsa daban da na iska.

6.0 Misali: Guguwar Katrina

Katrina ta samu ne ranar 23 ga Agusta, 2005, kusa da tsibiran Bahamas. Ta ratsa kudancin Florida ranar 25 tana mataki na 1, sannan ta shiga Mashigin Tekun Meksiko mai ruwan ɗumi. Ranar 28 ta kai mataki na 5, da gudun iska kimanin kilomita 280 a sa'a. Fiye da kwana biyu kafin saukarta, hasashen cibiyar ya riga ya nuna kudu maso gabashin jihar Louisiana, kuma a can ta sauka da safiyar 29 ga wata.

A lokacin saukarta ta riga ta ragu zuwa mataki na 3, amma faɗinta ya ƙaru, kuma ta kwana tana tara ruwa a gabanta. Gaɓar jihar Mississippi, wadda take hannunta na dama, ta sami tumbatsar da ta haura mita 8 a wasu wurare. A birnin New Orleans, wanda wani sashensa yake ƙasa da matakin teku, ganuwar tare ruwa ta ɓalle a wurare da yawa, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin. Magajin garin, Ray Nagin, bai ba da umarnin ficewa na dole ba sai ranar 28, kuma dubban mazauna, musamman talakawa da tsofaffi, ba su da motar fita. Ƙididdigar da cibiyar ta sabunta a 2023 ta nuna mutum 1,392 ne suka rasa rayukansu.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa bibiyar guguwa aiki ne mai matakai uku: gano inda take, lissafa inda za ta nufa, da ƙiyasta ruwan da za ta turo. An ga kuma cewa matakin guguwa bai isa ya nuna haɗarinta ba. Hausawa suna cewa rigakafi ya fi magani, amma misalin Katrina ya nuna cewa hasashe ba ya zama rigakafi sai gargaɗi ya isa ga jama'a da wuri, sun gane shi, kuma suna da halin ficewa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mece ce alaƙar damina a yankin Sahel da guguwoyin Tekun Atlantika?
2. Kawo hanyoyi huɗu na bibiyar guguwa, ka yi bayanin biyu daga ciki.
3. Me taswirar mazurari take nunawa, kuma me ba ta nunawa?
4. Me ya sa tumbatsar Katrina ta yi tsanani duk da raguwar ƙarfin iskarta?
5. Rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce kalma 100 ba, wadda za ta gargaɗi mazauna gaɓar teku su fice kafin isowar guguwa.